Ƙofar da Librado Ya Rufe

A kan tukunya muka yi faɗa da Librado Archibeque. Tukunyar ma ba tawa ba ce, ta Genara ce, matar ƙaninsa Eloy, ni dai taimako na yi na ɗauko mata. Ranar Alhamis ce ta Mako Mai Tsarki. Mazan Hermandad, ƙungiyar masu tuba ta garinmu, sun kulle kansu a morada, ɗakin ibadarsu na laka da ke bayan maƙabarta, mu mata muna ta jigilar abinci zuwa bakin ƙofa kamar yadda muka tarar iyayenmu suna yi. Librado ne mai tsaron ƙofa. Ya karɓi wakena, ya karɓi wainar ƙwai da jan barkono ta gidan shugabansu, dattijon da muke kira don Tiburcio, da ya zo kan tukunyar Genara sai ya janye hannu kamar ya taɓa garwashi.

"Wannan ta wane gida ce, comadre?"

"Ka fi ni sanin murfin. Na uwarka ne."

"Mayar da ita."

"Panocha ce fa, Librado, faten alkama mai zaƙi. Tun farkon azumi matar nan take jiƙa alkama tana tsirar da ita a bayan murhu. Alkamar ce ta yi muku laifi?"

"Abin da ya fito daga gidan korarre ba ya shiga nan. Doka ce. Ba ni na kafa ta ba."

A lokacin muna da wani fada, limamin cocinmu, ɗan ƙasar Holan, dogo mai jan wuya, wanda ya taɓa gaya mana a bakin coci, yana ƙyaƙyata dariya, wai su ma sun ari kalmar Hermandad a yarensu, sai dai 'yan sanda suke kira da ita. Mu kuwa 'yan'uwantaka muka san tana nufi. Na dubi Librado daga hula har takalmi, na ce, "Ashe mutanen Fada sun fi mu sanin ku. Sannu da aiki, ɗan sanda. Saura a ba ka kulki."

Na zauna a dakalin ƙofar, na buɗe murfin uwarsa, na sa hannu na ci panochar nan a gabansa har cikina ya ɗaure. Daga ranar ya daina gaishe ni, ni da na riƙe masa 'yarsa Eufemia ranar baftisma, har yake ce mini comadre ina ce masa compadre. Ban rame ba.

Amma kada a ɗauka mugu ne. Tsoro ne da shi, kuma abu ɗaya tak yake tsoro.

Librado yana ɗan ƙarami tsawa ta kashe ubansu a wurin kiwon tumaki. 'Yan Hermandad ne suka hau dutse suka ɗauko gawar, suka wanke ta, suka zauna da ita suna rera alabado, waƙoƙin nan nasu masu jan rai da ba a sa musu kiɗa. Su suka haƙa kabari, su suka ɗauki akwatin a kafaɗa. A garinmu, duk inda masu ɗauka suka sauke akwati don su huta, sai a tara duwatsu a wurin a kafa ɗan giciye, kuma daga ranar duk wanda ya zo wucewa sai ya tsaya ya cire hula ya yi wa mamacin addu'a. Uban Librado ya samu tarin duwatsu biyu a hanya. Da damina ta zo, mutanen nan suka nome wa uwarsa gona, da sanyi ya zo suka jibge mata itace a bayan ɗaki, ba wanda ya tsaya jiran godiya. Yaron yana kallo. Gashin baki bai gama fito masa ba ya je ya ƙwanƙwasa ƙofar morada, aka tsaga masa baya da kaifin dutse kamar yadda ake yi wa kowane sabon shiga, ya zama ɗan'uwa.

Daga baya ya tafi ƙwadagon kiwo can arewa wajen Wyoming, a nan ya ga abin da ya kafe masa tsoron. Wani makiyayi abokin aikinsa ya mutu, mai garken ya sa aka naɗe shi a buhu aka tura a rami, ba waƙa, ba giciye, kafin ƙasa ta lafa an kora tumaki sun bi ta kai. Librado ya dawo gida da maganar a bakinsa. Ko hirar wake ake yi sai ya kai ta can. "Ni dai in mutu a hannun 'yan'uwa," in ji shi. "A yi mini waƙa, a sauke ni a hanya." Wasu suna burin gona, wasu mota. Shi burinsa jana'iza.

Eloy ba haka yake ba. Shi ma ya shiga Hermandad, amma bakinsa ba ya rufuwa. Ya je yaƙi a Filifin ya dawo ƙashi da fata, da wata tsohuwar a-kori-kura da ya saya a hanya, da labarai cike da baki. Ranar da ya dawo ya dafa kafaɗar don Tiburcio a gaban jama'a, ya ce, "Tío, baffana, can ma suna da hermano mayor, babban ɗan'uwa irinka. Amma su wanda ya ciyar da gari ranar biki suke ba wa sunan. Yaushe za mu zo gidanka da cokulanmu?" Kowa ya yi dariya ban da don Tiburcio, mutumin da ko karensa sai ya je maƙwabta yake ƙoshi.

Shekarar da zazzaɓi ya kusa ɗauke Eufemia, Librado ya yi alkawari in ta tashi zai ja babban giciye ba takalmi daga morada har kan tudu. Ta tashi. Ya cika alkawari, ya ƙara da zane kansa da bulala irin na 'yan'uwa fiye da yadda aka nema, ga dusar ƙanƙara ba ta gama narkewa ba. Bayansa ya ƙi rufewa. Suka ɓoye shi a morada suna wanke masa da ruwan ganye, don dokarsu ce bare ba ya ganin bayan ɗan'uwa. Idin Tashin Yesu ya wuce, ciwon ya fara wari, mutumin ya daina gane kowa, yana kiran uwarsa da ta daɗe a ƙasa.

Eloy ya je wurin don Tiburcio ya ce a kai shi likita.

"Wane likita? Ba'amirke? Ya tuɓe shi ya ga me?"

"Ya ga mutum yana ruɓewa, tío."

"In Ubanmu Yesu ya kira shi a wannan hali, wa ya kai shi sa'a?"

"To ka kwanta kai a kira ka. Ni yayana zan ɗauka."

Da rana tsaka, kowa yana kallo, ya saɓo shi a kafaɗa ya shimfiɗa a bayan a-kori-kura ya nufi birni. Likitan ya iya aikinsa, ya ceci ran Librado. Sai dai bakinsa ya fi na Eloy tsawo. Da Mako Mai Tsarki ya zagayo, motocin Amirkawa, Turawan da ba yarenmu suke ji ba, suka cika gefen tudu, maza da mata da kwandunan abincinsu da na'urorin hoto, kamar an kawo musu wasan biri. Wata jarida ta buga hoton don Tiburcio tsirara daga ƙugu zuwa sama, jini har wando, ta rubuta sunan Hermandad a ƙasa da manyan baƙaƙe. Ni ban iya karatu ba, amma wanda ya karanta mana ya tsallake wasu kalmomin, kuma na ga kunnensa ya yi ja. Yaranmu da ke makaranta a birni aka riƙa ɗaga musu riga ta baya ana dariya.

'Yan'uwa suka zauna a kan Eloy. Don Tiburcio bai manta maganar cokula ba, kuma wayo gare shi: a shekarar nan ya ba Librado tsaron ƙofa, ya san mai tsaron ƙofa shi ke fitar da korarre. Librado ya karɓi bulalar ƙaninsa ya jefa a murhu, ya kama shi a dantse ya kai shi bakin ƙofa.

Eloy ya dubi hannun da ke riƙe da shi, ya ce, "Yaya, hannunka ya yi ƙarfi. Ka warke ke nan."

"Ban roƙe ka ba," in ji Librado. Ya rufe ƙofa.

Kuma har cikin ransa haka ya ɗauka. A ganinsa an zo ɗaukarsa a mafi kyawun lokaci, yana kwance a morada, 'yan'uwa kewaye da shi, waƙa a bakinsu, sai ƙaninsa ya fizge shi ya kai wa bare ya tuɓe. Rai ya samu, amma da kunyar gari aka saye shi. Duk safiyar da ya farka sai ya tuna wa ya ba shi ita.

Gonakinsu shinge ɗaya ya raba, ruwa ɗaya suke sha. Suka tsufa a haka. In sun haɗu a hanya Eloy ya ɗaga hula ya ce, "Barka da rana, Yaya," Librado ya juya ya dubi dutse kamar yau aka kafa shi. Eloy bai daina gaisuwar ba, na rasa ko taurin kai ne ko tsokana. Da gona ta daina ciyarwa ya shiga aikin haƙar ma'adinai, ƙura ta cinye masa huhu, ya dawo yana tari irin wanda ake ji daga ƙetaren rafi. Librado yana jin tarin nan ta bangonsa. Ya sa aka toshe tagar da ke wannan gefen, wai iska take shigowa.

Eloy ya mutu a tsakiyar sanyi mafi muni da na taɓa gani. Ƙanƙara ta rufe hanyar birni, 'ya'yansa suna can Denver ba halin zuwa, Fada ma ba a sa ran ganinsa sai hanya ta buɗe. Ƙasa ta daskare kamar ƙarfe. A irin wannan lokaci 'yan Hermandad ne ke hura wuta a kan wurin kabari har ƙasa ta saki, su haƙa kaɗan, su sake hurawa, suna karɓar juna. Genara ta ratsa ƙanƙara har gwiwa ta je gidan don Tiburcio. A tsaye ya sallame ta. Korarre ba a yi masa wanka, ba a yi masa waƙa, ba a haƙa masa.

Ni ke wanke gawar mata da yara a garin, maza aikin 'yan'uwa ne. Eloy shi ne namiji na farko da na wanke. Ina cikin yi sai na ji haske ya ragu, na waiga na ga Librado tsaye a bakin ƙofa, bai shigo ba, bai tafi ba.

"Kai dai da ƙofa," na ce. "Nan ma tsaro aka sa ka?"

Idonsa yana kan haƙarƙarin ƙaninsa, da ana iya ƙirga su daga inda yake.

"Wa zai haƙa?" ya tambaya.

"Kaji. Genara ta watsa musu masara a wurin."

"Sinforosa," ya kira sunana.

"To wa kake so in ce? In hanya ba ta buɗe ba za mu sa shi a rumbu mu danne da katako saboda karnuka. Ka taɓa ba mu labarin wani a Wyoming, ko? Shi ai ya samu rami."

Ya juya ya tafi. Ya san abin da ke gabansa sarai, ba wanda ya kai shi sanin dokar, shi ke tsaron ta. Wanda ya sa hannu a kabarin korarre ya bi shi. Ba waƙa, ba kafaɗun 'yan'uwa, ba komai daga abin da ya kwashe ransa yana tarawa. Eufemia ta gaya mini ya daɗe zaune a bakin murhu da makullin morada a tafin hannu, yana juya shi, kunun da ta dama masa ya yi fata a kofi.

Da gari ya waye muka ga hayaƙi a maƙabarta. Ya ɗora wa alfadarinsa itacen da ya tara don sanyi, ya jibge a gefen kabarin uwarsu ya cinna wuta. In ta ci ta faɗi sai ya ture garwashin ya sari ƙasa da diga, abin da bai fi tafin hannu ba ya saki, ya sake hurawa. Dattijo ne a lokacin, bayansa kuma bai taɓa komawa daidai ba. Rami ya kai gwiwa sai ga don Tiburcio da sanda, da 'yan'uwa biyu a bayansa.

"Hermano Librado, me kake yi?"

"Ɗumi nake ji."

"Ka san dokar."

"Na sani."

"Fito daga ramin nan, mu ce ba mu gan ka ba. Mutumin nan shi ya tuɓe mu a gaban duniya."

"Haka ne. Ban ce ya yi daidai ba, har gobe laifi ya yi." Ya share hanci da bayan hannu. "Amma nono ɗaya muka sha, kuma karnuka ba za su ci shi ina numfashi ba. Numfashin ma nasa ne."

"To kawo makulli."

Ya zaro shi daga wuya ya miƙa daga cikin ramin. Mutanen biyu da suka zo tare ba su iya dubansa ba, ɗaya ma ya ɗan matsa kamar zai ɗauki shebur, don Tiburcio ya yi gyaran murya, ya fasa.

Mu huɗu muka ɗauki Eloy: Librado, Genara, Eufemia, da ni. Akwatin ɗanyen katako ne, nauyinsa ya fi na wanda ke ciki. Ba mu bar ƙofar gida da nisa ba Genara ta durƙushe, muka sauke. Da muka huta Librado ya sunkuya zai ɗaga, na ce, "Tsaya. Duwatsu."

"Comadre, rana tana tafiya."

"An sauke akwati a nan ko ba a sauke ba? Doka ce. Ba ni na kafa ta ba."

Ya dube ni, sannan ya sa hannu cikin ƙanƙara ya fara tono duwatsu. Maza shida majiya ƙarfi sau biyu suke saukewa kafin maƙabarta. Mu mata uku ne da tsoho. Muka sauke a gindin itacen tuffa, muka sauke a bakin gada, muka sauke a ƙetaren gada, muka sauke a gaban shagon don Tiburcio, inda ni ce na gaji, kuma gajiyata ta gaske ce, kowa ya faɗi abin da yake so. Ko'ina sai mun tara duwatsu mun ɗaure ƙirare biyu. Yatsunmu suka fashe. Mutane suna leƙe ta labule. A bakin kabari Librado ya buɗe baki zai ɗauko alabado, har na ji ya ja numfashi, sai ya rufe. Waƙar ta 'yan'uwa ce, shi kuma tun safe ya daina zama ɗan'uwa. Muka rufe Eloy ba abin da ake ji sai shebur.

Da ƙanƙara ta narke sai ga hanyar maƙabarta jere da tarin duwatsu kamar haƙoran zarto, ba mamacin da ya taɓa samun ko rabinsu. Kuma ta nan jerin gwanon Hermandad yake bi kowace Juma'ar giciye. Dole su tsaya a kowane tari su cire hula. Don Tiburcio ya ce a kwashe, ba a samu mai hannun taɓawa ba, shi ma bai taɓa ba. Har ya mutu yana yi wa Eloy addu'a a ƙofar shagonsa, fuska kamar ya haɗiyi gishiri. Ni wannan ya ishe ni dariya shekara da shekaru.

Librado bai taɓa yin dariyar ba. Bai samu komai a ciki ba. In waƙarsu ta tashi a Mako Mai Tsarki sai ya fito ya tsaya a bakin shingensa, hula a ƙirji, leɓɓansa suna bin waƙar ba sauti. Su wuce ba mai waiwaye. In an yi mutuwa ba a aiko masa. Eufemia ta yi aure ta bi mijinta, Genara ta koma wurin 'ya'yanta, ya rage shi da alfadari, sannan alfadarin ma ya mutu. Ni nake wanke masa kaya, kuma kowace shekara bayan azumi sai na ga bayan rigunansa da jini. A rumbu yake yi, shi kaɗai, ba mai wanke masa ciwon. Ko sau ɗaya bai je kabarin Eloy ba. Na taɓa ce masa, "Kai da ka haƙa, ba za ka je ka gani ba?" Ya ce, "Na biya shi. Me ya rage?"

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, ya kama bakin zanena, ya ce in je in tambayar masa. Na ce tambayar me. Ya ce na sani.

Na je. Hermandad ta koma 'yan tsofaffi da ba su cika benci biyu ba, Abenicio ɗan don Tiburcio ne shugaba. Ya cire mini hula, ya kawo kujera, ya fi ubansa ladabi nesa ba kusa ba.

"Doña Sinforosa, abin da aka yanke a zamanin mahaifina ba ni da ikon warwarewa."

"Waƙa ɗaya, Abenicio. Mutumin nan ya tsare muku ƙofa tun kana tsotson yatsa."

"Shi ya fi kowa sanin dokar."

"Ya sani. Ku nawa kuka rage? Ku ci gaba da kora, na ƙarshenku sai ya rera wa kansa ya ja ƙasa ya rufa."

Ya raka ni har bakin hanya, yana ta ba ni haƙuri.

Na tarar da Librado ya sa an juya masa gado yana kallon ƙofa. Ya aske gemu da kansa, ya yanke haɓa wuri biyu, ya sa farar riga. Da ya ga ni kaɗai ce sai ya leƙa bayana, ko akwai mai tafe a hankali. Na ɗora kunu a wuta, na zuba a kofi, na ja kujera kusa da shi. Yana ta kallon bakina.

"Ba za su zo ba, compadre," na ce. "Ni zan wanke ka, na riga na koya a jikin ƙaninka. Eufemia tana hanya da 'ya'yan Eloy, su za su ɗauke ka. Ba sai an nemo maka duwatsu ba, nasa suna nan, duk inda muka sauke shi a nan za mu sauke ka, masu hula su cire wa ku biyu. Waƙa kam ban iya ba, kada ka sa rai. Sha kunun nan tun da zafinsa, ba zan sake ɗumamawa ba."